Tambayoyi da Amsoshi kan Gaskit da Kayan Toshe Kafa a Tukunyar Tatar Tururi ta Gida

Duk wanda ya haɗa tukunyar tatar tururi da hannunsa, ko don samun tsarkakken ruwa, ko don fitar da man ƙamshi daga ganye da furanni, ko don tace sinadarin itanol, wato tsantsar barasa, yakan gama da aikin ƙarfe sannan ya tsaya a kan tambaya guda: da me za a toshe mahaɗai don kada tururi ya sulale? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan dawowa a kan wannan batu. An sa musu lamba saboda wata amsar takan dogara da wata. Tace ruwa da man ƙamshi ba su cika samun matsala da hukuma ba, amma tace itanol yana buƙatar izini a ƙasashe da yawa, don haka wannan ɓangaren yana ƙarƙashin dokar ƙasar da mutum yake.

1. Mene ne gaskit, kuma a waɗanne wurare tukunya take buƙatarsa?

Gaskit wani abu ne mai ɗan taushi da ake sawa tsakanin fuskoki biyu masu tauri, a matse shi har ya cike ƙananan ramuka da gargadar da ido ba ya gani. A tukunyar tata ana buƙatarsa tsakanin tukunya da murfinta, tsakanin murfi da bututun da tururi ke hawa, a wurin da ma'aunin zafi ya shiga, a gindin ƙarfen dumama idan tukunyar ta lantarki ce, da kuma inda bututun tururi ya haɗu da bututun sanyaya.

Waɗannan wurare ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai mahaɗan da ke kan hanyar tururi da ruwan da aka tace, kuma a kansu ne duk tsananin da ke cikin amsoshin nan ya hau. Akwai kuma mahaɗan ruwan sanyaya, wanda yake zagaya bututu ta waje ba tare da ya taɓa abin da ake tacewa ba. A wannan ɓangare na biyu tiyo na yau da kullum da roba ta yau da kullum sun wadatar, muddin zafin ruwan da ke fita bai narkar da su ba.

2. Me ya sa ba za a yi amfani da kowace roba ba, tunda ta hana yoyo?

Saboda hana yoyo rabin aikin ne kawai. Robar da ake sayarwa gauraye ce: ban da ainihin sinadarin robar akwai abin da ke sa ta laushi, da abin da ya daskarar da ita a masana'anta kamar farar wuta, da baƙin gari na gawayi, da launi, da mai. Yawancin waɗannan ba a ɗaure suke da jikin robar ba, zaune kawai suke a cikinta, kuma duk abin da ya iya narkar da su zai kwashe su ya tafi da su.

Tururi mai zafi ya ƙware a wannan aikin. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas a daidai doron teku, itanol kuma a kusan digiri 78, kuma zafi yana hanzarta fitar abubuwa daga roba. Itanol mai ƙarfi yana narkar da sinadaran da ruwa ba ya iya taɓawa. Man ƙamshi ya fi shi ɓarna a wasu lokuta: man ɓawon lemo, wanda fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa sinadarin limonin ne, yana narkar da farin soso na kunshin kaya nan take, yana kuma kumbura robobi da dama. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne wurin da gaskit yake zaune. Duk dattin da ke cikin tukunya a ƙasa yake zama idan ba ya tashi da tururi, amma abin da ya fita daga gaskit ɗin da ke bayan tukunya, kusa da bututun sanyaya, babu sauran matakin da zai cire shi, kai tsaye yake gangarawa cikin kwalbar tara.

3. To wane abu ne ya fi aminci a kan hanyar tururi?

Cikin kayan zamani, PTFE ne, wani nau'in filastik da aka fi sani da sunan kasuwa Teflon. Roy Plunkett ne ya gano shi ba da niyya ba a 1938 yana aiki da kamfanin DuPont a Amurka. Ƙarfinsa ya zo ne daga yadda sinadarin fulorin ya lulluɓe sarƙar kabon ɗinsa, ta yadda itanol da man ƙamshi da ruwan tsami da tafasasshen ruwa ba sa samun inda za su kama. Yana jure aiki har zuwa digiri 260, ba ya narkewa sai a digiri 327, kuma tsantsarsa ba ya buƙatar sinadarin laushi, don haka babu abin da tururi zai tsotsa daga jikinsa. A nemi fari tsantsa wanda ba a sake sarrafa shi daga tarkace ba, a bar mai launin toka ko baƙi ko ruwan ƙasa, domin waɗannan an cusa musu gilashi ko gawayi ko tagulla don aikin injina.

Aibinsa a wajen matsi yake. Yana da tauri, ba ya komawa yadda yake bayan an danne shi, kuma a hankali yakan baje ƙarƙashin nauyi har mahaɗar da ta toshe jiya ta fara huci yau. Yana kuma buɗewa da zafi fiye da ƙarfe ninkin-ba-ninkin, sai ya tsuke idan ya huce ya bar 'yar kafa. Saboda haka yana son fuska mai santsi da ta daidaita, yana kuma son a sake ɗaure shi bayan zafin farko. Masana'antu sun magance wannan ta hanyoyi biyu: PTFE mai laushi kamar soso, wanda Robert Gore ya samar a 1969, da kuma gaskit mai riga, wato roba a ciki don ta ba da tsalle, PTFE a waje don shi kaɗai tururi zai taɓa.

4. Farin tef ɗin masu aikin famfo shi ma PTFE ne?

Shi ne, kuma ya dace da mahaɗai masu tiredi, wato haƙoran da ake murɗa noti a kansu. Ana naɗa shi zagaye uku zuwa biyar, ta fuskar da za a juya noti, don kada ɗaurin ya warware shi, kuma a bar haƙorin farko tsirara saboda kada guntun tef ya faɗa cikin bututu. A tsarin launi na Amurka fari na aikin yau da kullum ne, ruwan hoda ya fi kauri, rawaya na bututun gas ne, kore kuma na iskar oksijin, wanda aka tabbatar babu mai a jikinsa. Mai launin toka an saka masa garin nikel don kada tiredin ƙarfe marar tsatsa ya cije. Fari mai kauri ko kore su ne zaɓi mafi sauƙi. Abin da bai kamata a rikita da tef ba shi ne man shafa tiredi da ke zuwa a gwangwani ko a matse, wanda ko da an rubuta PTFE a jikinsa, garin PTFE ne kawai aka kwaɓa da mai da wasu sinadarai masu narkewa.

5. Da gaske ne ana toshe tukunya da kwaɓin gari?

Da gaske ne, kuma wannan hanya ta girmi duk robobin da ake magana a kansu da ɗaruruwan shekaru. Masanan kimiyya na zamanin Abbasiyawa suna liƙe kayan tatarsu da wani haɗin yumɓu da suke kira yumɓun hikima. A Fotugal har yau masu tukunyar jan ƙarfe suna shafe bakin murfi da kwaɓin garin hatsin rai, a garin Kannauj na Indiya kuma masu turare suna liƙe murfin tukunyarsu da yumɓu da auduga. Garin alkama ma yana yin aikin. Ana kwaɓa shi da ruwa har ya yi kaurin da za a iya murza shi kamar igiya, a danna shi a kewayen mahaɗa lokacin da tukunya ta fara ɗumi, sai zafi ya gasa shi ya ƙame. Idan kwaɓin ya yi ruwa zai zube kafin ya kama, idan ya bushe da yawa zai tsage.

Amfaninsa biyu ne. Na farko, an san abin da ke cikinsa, gari ne da ruwa, kuma ko wani abu ya faɗa cikin tukunya ba ya tashi da tururi. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne rauninsa. Idan bututu ya toshe kuma tururi ya fara taruwa, kwaɓin ne zai fara tsagewa ya ba shi hanya tun kafin ƙarfe ya ji jiki, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 14.

Wahalarsa ita ce sai an sake yin sabo kowane aiki, kuma dole a kankare shi da zarar tukunya ta huce, domin idan ya kwana yakan manne kamar siminti ya kuma jawo ƙwari da fumfuna. Bai dace da mahaɗar da ke ɗauke da nauyi ko wadda ke nutse cikin ruwa ba. A mahaɗar da bututu ya shige cikin ɗan'uwansa, ko murfi ya zauna cikin bakin tukunya, da wuya a sami abin da ya fi shi.

6. Silikon fa? Wasu suna yabonsa, wasu suna hana shi.

Saɓanin ya samo asali ne daga cewa abubuwa uku daban ake kira da suna ɗaya. Akwai silikon da aka daskarar da sinadarin filatinam, wanda shi ne mafi tsafta kuma shi ake amfani da shi a masana'antar magani. Akwai wanda aka daskarar da feroksaid, wanda yakan bar ragowar sinadarai masu tsami a jikinsa idan ba a gasa shi karo na biyu a masana'anta ba. Sai kuma silikon na matsawa, wanda ake liƙe tagogi da banɗaki da shi. Wannan na uku ba shi da wuri a kan hanyar tururi: na banɗaki yana ɗauke da maganin kashe fumfuna, kuma nau'in da ke warin ruwan kal lokacin bushewa yana fitar da tsamin da ke cin jan ƙarfe.

Ga mai tace ruwa zalla, silikon na filatinam zaɓi ne mai kyau, domin yana jure zafi har kusan digiri 200, yana da taushin da ke rufe murfin da bai daidaita ba, kuma bakin tukunyar gida da wuya ya zama daidai. Ga mai man ƙamshi labarin ya bambanta, saboda silikon yana shan mai, ya kumbura, ya riƙe ƙamshi. Wanda ya tace na'ana'a yau ya tace wardi gobe da gaskit ɗaya zai ji na'ana'a a cikin wardinsa. Ga itanol mai ƙarfi kuwa, jadawalin masana'antu yana nuna silikon yana jure shi daidai gwargwado, amma jadawalin yana auna ko robar za ta lalace ne, ba ya auna abin da ta zuba cikin ruwan. A ganina, inda PTFE zai iya zama babu dalilin sa silikon, inda kuma murfi ya ƙi toshewa sai da abu mai taushi, a naɗe silikon ɗin da tef kamar yadda ya zo a tambaya ta 12.

7. Mene ne bambancin EPDM da nitril da Viton?

Dukansu nau'o'in roba ne, baƙaƙe a yawancin lokuta, kuma ido ba ya raba su, amma halayensu kusan kishiyoyin juna ne. EPDM yana son ruwan zafi da tururi da itanol, yana jure zafi har kusan digiri 150, amma mai yana kumbura shi ƙwarai, don haka ya dace da tukunyar ruwa, bai dace da ta man ƙamshi ba. Idan za a saya, wanda aka daskarar da feroksaid ya fi na farar wuta tsafta da jure zafi. Nitril, wanda ake kira Buna-N, an yi shi ne don man fetur da man inji. Iyakarsa ba ta wuce digiri 100 zuwa 120 ba, yakan ƙame ya tsage a tururi, kuma sau da yawa yana ɗauke da sinadarin laushi. Shi ne ya fi yawa a cikin akwatunan zobban roba masu araha, kuma shi ya fi cancanta a bar shi.

Viton sunan kasuwa ne na robar fulorin da ake kira FKM. Yana jure mai da zafi har digiri 200, wanda ya sa yake da amfani ga man ƙamshi, sai dai nau'insa na yau da kullum ba ya daɗewa a tururin ruwa, kuma asiton da sinadaran da suka yi kama da shi suna kumbura shi. Kada tsadarsa ta sa a ɗauka ya dace da kowane aiki.

8. Idan an rubuta cewa abu ya dace da abinci, ai shi ke nan?

Bai isa ba, domin kowace shaida tana da sharaɗin da aka gwada ta a kai. A Amurka ƙa'idar hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, mai lamba 21 CFR 177.2600 ita ce ta shafi kayan roba da ake maimaita amfani da su, kuma gwajinta da tsarkakken ruwa ake yi don abinci mai ruwa, da sinadarin heksen don abinci mai maiƙo. PTFE yana ƙarƙashin wata ƙa'idar, mai lamba 177.1550. A Tarayyar Turai dokar 1935/2004 ce ta kafa tushe, ita ce mai alamar kofi da cokali mai yatsu, doka ta 10/2011 kuma ta tsara gwajin filastik da ruwan da ke da itanol kashi 10, da 20, da 50 cikin ɗari, da ruwan tsami, da man girki. Shaidar NSF 61 ta ruwan sha ce.

Wanda ya duba waɗannan alƙaluma zai ga cewa tururin itanol mai ƙarfin kashi 80 ko 90, ko tsantsar man ƙamshi mai zafi, ya wuce abin da yawancin kayan abinci aka gwada a kai. Shaidar abinci ita ce mafi ƙarancin abin da za a nema, sannan a tambayi mai sayarwa ainihin sunan sinadarin da takardar bayanansa. Gaskit ɗin da aka rubuta masa "roba" kawai, ba suna ba lamba, a ɗauke shi a matsayin wanda ba a san shi ba.

9. Waɗanne abubuwa ne bai kamata su kusanci hanyar tururi ba ko kaɗan?

Robar taya da robar cikinta suna kan gaba, saboda man sarrafawa da farar wuta da sauran sinadaran da ke jikinsu. Sai tiyo mai taushi na PVC, wanda laushinsa ya fito daga sinadaran da itanol da mai suke wankewa cikin sauƙi, shi ya sa tiyon yake yin fari ya ƙame bayan 'yan ayyuka. Bututun PVC mai tauri ma iyakar aikinsa kusan digiri 60 ce. Takardar gaskit ta injin mota zare ne da aka haɗa da robar nitril, tsofaffin samfuranta kuma suna iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da sankara idan aka yanka shi ko aka goge. Man gaskit na matsawa, ja ko baƙi ko shuɗi, na inji ne. Gam mai ƙarfi da efoksi da tef ɗin lantarki da kumfar toshe rami duk suna cikin wannan sahu.

Robar murfin tukunyar matsi ta girki tana buƙatar a duba ta, domin masu haɗa tukunya da yawa da ita suke farawa. Wasu na silikon ne, wasu na nitril. Don tace ruwa za a iya barin ta silikon, don sauran ayyuka a canza ta ko a naɗe ta.

10. Ana iya amfani da toshiyar kok?

Ana iya amfani da tsantsarsa, wato wanda aka yanko kai tsaye daga ɓawon itacen kok, wanda kusan rabin abin da duniya ke samarwa daga Fotugal yake fitowa. Ya dace da riƙe ma'aunin zafi. Sai dai yawancin abin da ake gani a matsayin falle ɓarɓashi ne da aka manne da gam, na mota kuma da roba aka haɗa shi. Idan aka ga ƙwaya-ƙwaya a jikinsa, haɗaɗɗe ne. Tsantsar ma yana bushewa ya farfashe, yana kuma shan ƙamshi.

11. Liƙin kuza da kayan tagulla suna cikin wannan lissafi?

Suna ciki, kuma haɗarinsu ya fi na roba. Mahaɗar da aka liƙe da narkakken ƙarfe ita ma toshiya ce, kuma tsohon abin liƙi rabinsa dalma ne, ko kashi 40 cikin ɗari. Dalma tana taruwa a jiki ta lalata ƙoda da jijiyoyi da ƙwaƙwalwar yara. Likitoci a jihohin kudu na ƙasar Amurka sun daɗe suna ganin gubar dalma a jikin mutanen da suka sha abin da aka tace da lagireton mota a matsayin bututun sanyaya. Tun 1986 dokar Amurka ta hana abin liƙin da dalmarsa ta wuce kashi 0.2 cikin ɗari a bututun ruwan sha. A nemi na kuza da azurfa ko na kuza da jan ƙarfe, wanda aka rubuta ƙarara cewa babu dalma. Wasu sandunan walda na azurfa suna da kadmiyam, su ma a bar su. Bayan liƙi a wanke ragowar man liƙin sarai.

Tagulla, wato gaurayen jan ƙarfe da tutiya, ana saka mata dalma kusan kashi 3 cikin ɗari don ta yi sauƙin yanka a inji. Daga watan Janairu na 2014 Amurka ta mayar da iyaka zuwa kashi 0.25 ga kayan ruwan sha, amma tsofaffin kaya da na gas da na iska ba su shiga wannan ba. Jan ƙarfe tsantsa da ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 ko 316 sun fi kwanciyar hankali. Ƙarfen da aka shafe da tutiya kuwa ba ya shiga tukunya.

12. Idan girman bakin tukunya ba shi da gaskit a kasuwa, yaya za a yi?

Hanya ta farko ita ce a sayi fallen PTFE mai kaurin milimita ɗaya zuwa biyu, a zana da'ira biyu, a yanka da wuƙa mai kaifi. Hanya ta biyu ita ce a yanka zobe daga kwali marar launi da rubutu, ko daga silikon, sannan a naɗe shi da tef ɗin PTFE ta ciki da waje, kowane zagaye yana rufe rabin na baya, a zagaya zoben sau uku ko huɗu har babu inda cikin ya leƙo. Cikin yana ba da taushi, tef yana tsare shi daga tururi. Amincinsa ya rataya ne a kan rigar, don haka a duba shi kafin kowane aiki, kuma da zarar ta yage ko kwalin ya jiƙe a sake sabo. A mahaɗar da bututu ke shigewa cikin wani, naɗa tef a kan na cikin ya isa.

13. Ta yaya za a gane gaskit na gaskiya ne, kuma akwai gwajin da za a yi a gida?

PTFE yana da nauyi, kusan giram 2.2 a kowace santimita kubik, don haka yana nutsewa da sauri a ruwa, alhali farin filastik na foliyetilin da ake iya sayarwa a madadinsa yana yin iyo. Yana da santsi kamar sabulu kuma ruwa ba ya kama shi. Kada a gwada shi da wuta, domin hayaƙinsa yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Silikon kuwa idan aka ƙona ɗan guntunsa a sarari yana barin farin toka, robar man fetur tana yin baƙin hayaƙi mai wari.

Gwajin jiƙo ya fi waɗannan amfani. A auna kaurin guntun gaskit, a sa shi a kwalbar gilashi tare da ainihin abin da za a tace, a ajiye wata kwalbar da ruwan kaɗai don kwatance, a bar su mako guda a wuri mai ɗumi nesa da wuta. Idan guntun ya kumbura, ko ya yi danƙo, ko ruwan ya canza launi ko wari, ko ɗigonsa ya bar tabon maiƙo a kan gilashi bayan ya bushe, to ya faɗi. Wannan gwaji yana kama mummunan abu, amma cin sa ba ya wanke abin da ba a san asalinsa ba, domin sinadarai da yawa ba su da launi ko wari. Shi ya sa takardar bayani ta tambaya ta 8 take gaba da shi.

14. Yaya ake gano yoyo, kuma toshiya tana iya yin ƙarfi fiye da kima?

Gwajin farko da ruwa zalla ake yi, sannan da ruwan da aka gauraya da ruwan kal don wanke ciki, kuma ba a amfani da abin da ya fito daga waɗannan. Yayin da tururi ke gudana a zagaya kowace mahaɗa da madubi mai sanyi ko bayan cokali, inda ya yi hazo nan ne kafar take. Ba a neman yoyo da hannu ko da ashana. Tururin itanol ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, yana kamawa idan ya kai kusan kashi 3.3 cikin ɗari na iska, kuma harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. Idan aka ga huci a irin wannan aiki a kashe wuta tukuna kafin a taɓa komai.

Tukunyar tata ba tukunyar matsi ba ce. Dole hanyar ta kasance a buɗe tun daga tukunya har bakin fita, ba tare da famfon da za a iya rufewa ba, kuma kada a manne bakin fita da kwalbar tara. Ganye ko kumfa na iya toshe bututu, kuma a lokacin ne tukunyar da aka ɗaure ko'ina da gaskit mai ƙarfi take zama haɗari, saboda tururin ba shi da mafita sai ya fasa wani wuri. Kafin kowane aiki a hura iska ta bututun a tabbatar tana wucewa. Tukunyar da ba ta da mahaɗar kwaɓin gari tana buƙatar bawul ɗin sakin matsi mai buɗewa da wuri. Bayan an kashe wuta kuma a bar iska ta shiga, domin tururin da ya huce a rufaffiyar tukunya yana iya lotsa ta ciki.

15. Mene ne mahaɗar tri-clamp, kuma yaya ake ɗaure ta da kula da gaskit ɗinta?

Baki biyu ne na ƙarfe marar tsatsa masu kwari a fuskarsu, da gaskit mai tudu da ke zama cikin kwarin, da maɗauri mai ninkewa da ke haɗa su. Daga masana'antar madara da magani ta fito, kuma ana samun gaskit ɗinta da duk sinadaran da aka ambata a tambayoyi na 3 da 6 da 7. Girman da ake faɗa na bututu ne, bakin ya fi shi faɗi: na inci 1 da na inci 1.5 bakinsu ɗaya, milimita 50.5, na inci 2 milimita 64, na inci 3 milimita 91, na inci 4 kuma milimita 119. Saboda na inci 1 da na 1.5 maɗaurinsu ɗaya amma ramin gaskit ɗinsu daban, a nan aka fi yin kuskuren saye.

Da hannu ake ɗaure ta. Idan gaskit mai taushi ne, ɗaurin da ya wuce kima yana tura shi cikin bututu ya rage hanya ya kuma yage. Idan PTFE ne, a ɗaure, a bar tukunya ta yi zafi, a ƙara ɗan juyi. Bayan aiki a cire gaskit a wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a shanya, a ajiye shi a kwance nesa da rana. Mai tace man ƙamshi iri-iri ya ware wa kowane iri nasa idan na roba ne. Wanda ya baje, ko ya tsage, ko ya yi danƙo, ko tudunsa ya daina zama cikin kwarin, a canza shi kafin a sake hura wuta.